Rijiya ta bayar, guga ya hana: yadda takardarmu ta je gaban sanatoci

Shekara talatin da ɗaya na yi a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma a Jihar Bauchi, tun daga ɗaukar fayil har na kai ga rubuta baucan biyan kuɗi, kafin na ajiye aiki. Saboda haka in ana zancen asusun haɗaka, ni ba a rediyo na fara jin sa ba. Na zauna da shi kamar yadda ake zama da kishiya.

Ga wanda bai sani ba, sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kason da ƙananan hukumomi 774 ke samu daga asusun tarayya ba hannunsu zai faɗa kai tsaye ba. Kowace jiha za ta buɗe asusu guda na haɗaka, a zuba kuɗin a ciki, daga nan a raba. A takarda babu laifi. A aikace kuwa, abin da na gani da idona shi ne wani mai unguwa da ruwa ya cinye musu kwalbati wata damina. Duk Litinin sai ya zo sakatariya, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci, ya zauna a benci yana jiran ciyaman. Aikin bai fi buhun siminti arba'in ba. Ciyaman ya fito ya ce masa a yi haƙuri, an rubuta, ana jiran amincewa daga sama. Har aka yi girbi, har aka ci kasuwar kaka, mata na tattare zani suna tsallake ramin. Ba gwamnati ɗaya ba ce, ba kuma jam'iyya ɗaya ba. Na yi aiki ƙarƙashin masu yawa, kuma bencin nan bai taɓa rasa mai zama ba.

A watan Mayu na 2021, 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla, muka ji sanarwa cewa kwamitin Majalisar Dattawa mai duba kundin tsarin mulki, wanda Mataimakin Shugaban Majalisar na lokacin Sanata Ovie Omo-Agege ke jagoranta, zai zaga shiyyoyi shida don jin ra'ayin jama'a. Kowace shiyya aka ba ta cibiya biyu. Mu a Arewa maso Gabas, Bauchi da Gombe ne, ranakun 26 da 27 ga wata. Mu tsofaffin ma'aikata muna da wani zama da muke yi bayan la'asar a gindin darbejiya, rabi hira rabi ƙorafin fansho. A nan shugabanmu ya ce tunda dattawan sun zo har gida, ai bai kamata su koma ba su ji daga bakinmu ba. Aka ce ni in rubuta, tunda ni ne mai biro.

Na rubuta shafi tara. Na zuba komai: kwalbatin nan, rijiyoyin burtsatse da suka mutu, asibitin sha-ka-tafi da babu ko auduga, kantomomin riƙon ƙwarya da ake naɗawa a maimakon zaɓe. Na kai wa ɗan ƙanwata da ya yi karatun lauya don ya buga mini a kwamfuta. Ya karanta har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ajiye.

"Kawu, wannan ai kuka ne. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma babu wanda zai iya zaɓen sa."

Na ce ban gane ba. Ya ce sanata ba ya danna maɓalli a kan kwalbati. Abin da ake sa wa a gabansa shi ne: a goge layi kaza a sashe kaza, a maye gurbinsa da kalmomi kaza. In ba ka ba su wannan ba, ma'aikatan kwamiti za su ɗora takardarka a kan tarin masu irin ra'ayinka, su rubuta cewa an samu goyon baya, shi ke nan. Raina ya ɗan sosu, domin kwana uku na yi a kan rubutun. Amma muka zauna har bayan isha'i da kundin a buɗe, muka mayar da shafi tara zuwa biyu da rabi. Buƙata ta farko, a soke ƙaramin sashe na 6 na sashe na 162, kowace ƙaramar hukuma ta sami asusunta da za a riƙa zuba mata kuɗi kai tsaye. Ta biyu, a ƙarfafa sashe na 7, wanda dama ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, a fayyace wa'adinsu yadda ba mai iya rushe su da sanarwar rediyo. Labarin mai unguwa ya rage layi huɗu. Na roƙa aka bar mini shi.

Kafin ranar, sai da muka yi faɗa a cikin gida. Akwai aminina, tsohon hedimasta, tare muka taso. Da na karanta wa jama'a takardar a gindin bishiya, sai ya miƙe ya ce shi ba da yawunsa ba.

"Malam, kai ma?" in ji ni.

"Ni ma. Kun manta farkon shekarun 1990 da aka damƙa wa ƙananan hukumomi albashin malaman firamare? Ni ban manta ba. Wata da watanni muna cin bashin gero. Ku ba ciyaman kuɗi a hannu, amma ku fara cire albashinmu tun daga tushe. Ɓarawon nesa ya fi na kusa kunya."

Ba shi kaɗai ke da wannan tsoron ba. Ƙungiyar malamai ta ƙasa ta daɗe tana faɗin haka. Kuma gaskiya na san ciyamomin da in aka sakar musu mara, mota da sabon aure za su fara. Muka ƙara sakin layi guda cewa a ware albashin malaman firamare kafin a raba sauran. Da wannan ya yarda ya sa hannu, yana gunaguni.

Ranar Laraba muka yi sammako. Mun yi hoton takardar kwafi ashirin a wani shago kusa da kasuwar Wunti, muka karya da masa a tsaye, muka nufi zauren. Ban taɓa zaton za a cika haka ba. Sarakuna da wakilansu a sahun gaba, 'yan ƙwadago da rigunansu iri ɗaya, ƙungiyoyin mata, masu buƙata ta musamman, lauyoyi da baƙaƙen kwat cikin wannan zafi. Sai kuma masu neman sababbin jihohi, waɗanda su ne suka fi kowa shiri. Mutanenmu na Katagum sun daɗe a kan wannan buƙata, tun muna samari ake yin ta, kuma duk wanda ya tuna cewa Gombe ma daga jikin Bauchi aka cire ta a 1996 ba zai ce musu mafarki suke yi ba. Sai dai ɗan ƙanwata ya raɗa mini cewa tasu hanyar daban ce, sashe na 8 ne, har da ƙuri'ar raba gardama a ciki, kuma tun da aka koma mulkin farar hula ba a taɓa ƙirƙiro jiha ko ɗaya ta wannan hanyar ba. Duk jihohin da muka ga an yanka a zamaninmu, soja ne suka yanka.

A bakin ƙofa akwai tebur da ma'aikatan kwamiti. Ka rubuta sunan ƙungiya, ka miƙa kwafi, a buga maka hatimi a naka. Wannan hatimin shi ne kaɗai shaidar da nake da ita har yau. Daga nan sai jira. Jawaban buɗe taro da gaishe-gaishen manya suka ci safiya. Ba a zo kanmu ba sai da rana ta karkata, lokacin rabin sahun gaba sun watse. Aka ce 'yan mintuna ne kowa zai samu, kada a karanta takarda, a faɗi gundarinta kawai.

Na hau, na riƙe makirfo, hannuna na rawa kamar ban taɓa tsayawa gaban odita ba. Na yi sallama, na faɗi sashe da ƙaramin sashe kamar yadda aka koya mini. Na lura ɗaya daga cikin sanatocin da ke kan teburi, wanda tun ɗazu yake duba wayarsa, ya ɗago ya ja biro ya rubuta wani abu da na ambaci lambar sashen. A nan na gode wa yaron nan a zuciyata. Da na zo kan mai unguwa da takalminsa, zaure ya yi dariya, irin dariyar da mutum ke yi in an faɗi abin da ya sani. Ban kai ga albashin malamai ba aka ce lokaci ya cika. Hedimasta bai yi mini magana ba har muka hau Keke Napep.

Na dawo gida ina jin kamar an gama. Ashe ko fara tafiyar ba a yi ba.

Wata tara muka yi muna jira, kuma a cikinsu ne na zama ɗalibin Majalisar Dattawa da tsufana. Duk Talata, Laraba da Alhamis da suke zama, in akwai wuta, ina gaban talabijin. Uwargida har ta sa mini suna sanata na huɗu, tunda uku kowace jiha ke da su. Uku sau 36, a ƙara ɗaya na Abuja, 109 ke nan. Wannan lissafin ya daɗe yana burge ni: Bayelsa mai ƙananan hukumomi 8 da Kano mai 44 nauyinsu ɗaya a jan zaure, wato Majalisar Dattawa. A Majalisar Wakilai mai mutum 360 ne ake bin yawan jama'a.

Na koyi cewa ba a fara komai sai an shigo da sandar majalisa an ɗora ta a mazauninta, shi ya sa da wasu suka kutsa suka sure ta a watan Afrilun 2018 abin ya zama babban labari. Na koyi cewa karatu na ɗaya ba karatu ba ne, sunan ƙudirin kawai Akawu ke faɗa. A karatu na biyu ake muhawara, kuma a kan manufar ƙudirin ake yin ta, ba a kan kalmominsa ba. Daga nan a tura wa kwamiti, kuma a can ne ake yin ainihin ɗinkin, inda kyamara ba ta cika zuwa ba. In rahoto ya dawo, majalisar gaba ɗaya ta rikiɗe ta zama kwamiti, a bi shi sakin layi bayan sakin layi, sannan karatu na uku. Yawanci da murya ake yanke hukunci: masu cewa e su ɗaga murya, masu cewa a'a su ɗaga tasu, Shugaban Majalisa ya auna da kunnensa ya buga guduma. Sau da yawa ni daga ɗakina nakan ji kamar a'a ta fi ƙarfi, amma kunnen mai guduma shi ne sikeli.

Sau ɗaya na ga an ƙi yarda da kunnen. A watan Yulin 2021, ana kan dokar zaɓe, rikici ya tashi a kan aika sakamako ta intanet. Shugaban marasa rinjaye na lokacin, Sanata Enyinnaya Abaribe, ya nemi a raba zaure. Sai aka riƙa kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa da bakinsa. Mutum 52 suka zaɓi a ɗaure hukumar zaɓe da sharaɗin sai hukumar sadarwa ta tabbatar akwai sabis kuma majalisa ta amince, 28 suka ƙi, wasu 28 kuma ba a gan su ba da aka kira sunansu. Surutun jama'a ya sa bayan 'yan watanni majalisar ta janye wannan matsayi. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne kujerun da babu kowa. Ban san za su dawo mini a rai ba.

Ranar Talata 1 ga Maris 2022 aka sa don kaɗa ƙuri'a a kan gyaran kundin, ƙudiri 68. Muka taru a shagon wani maƙwabci mai janareta, kowa ya kawo kuɗin fetur. Ɗan ƙanwata ya zo da jerin ƙudirorin a wayarsa. Ya yi mana bayani tun kafin a fara cewa yau babu zancen murya. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisar, ba na waɗanda suka halarta ba. Wato sanata 73 a nan, wakilai 240 a can, kuma dole ƙudiri ya tsallake duka biyun. Wanda ya yi zamansa a gida, ko ya fita amsa waya, daidai yake da wanda ya ce a'a, sai dai shi ba za a gan shi ba.

Sanata Ahmad Lawan na kan kujera. A karanta taken ƙudiri, a ba da 'yan daƙiƙu kowa ya danna na'urar da ke gabansa, a sanar da adadi, a buga guduma, a wuce. Babu muhawara a ranar. Duk wata magana an gama ta a kwamiti da tarukan sirri. Abin da muka yi wata tara muna jira bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Ƙudirin soke asusun haɗaka ya haye. Ƙudirin tabbatar da ƙananan hukumomi a matsayin matakin gwamnati mai zaɓaɓɓun shugabanni shi ma ya haye. Majalisar Wakilai ma ta amince da su. Shagon ya kaure da kabbara. Shugabanmu ya rungume ni, hularsa ta faɗi. Hedimasta ya ce a dai bari a ga inda aka sa albashinsu.

Ba kowa ne ya yi murna ranar ba. Ƙudirorin mata sun faɗi, har da na ware musu kujeru na musamman a majalisa, duk da cewa uwargidan Shugaban Ƙasa ta je majalisar da kanta kwanaki kaɗan kafin nan don nuna goyon baya. Washegari mata suka tare ƙofar Majalisar Tarayya, suka yi kwanaki suna zanga-zanga. 'Yata da ke koyarwa a wata sakandare ta kira ni ta ce, "Baba, kun samu naku, mu an ce mu koma kicin." Ban sami abin ce mata ba. Ƙudirin ba 'yan Najeriya mazauna waje damar zaɓe shi ma ya faɗi. Wanda kuwa ban yi masa kuka ba shi ne na fanshon har abada ga shugabannin majalisar. Mu da muka san yadda ake bin fansho, a shagon nan har tafi muka yi.

Cikin 68, guda 44 suka tsira, aka aika da su majalisun dokokin jihohi. A nan ne na gane wautar da muka yi. Sashe na 9 ɗin da aka karanta mana yana da gaɓa ta biyu, na ji ta amma ban saurare ta ba: sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Kuma wa ake tambaya? Ana tambayar 'yan majalisar jiha ko sun yarda a cire hannun jiha daga kan kuɗin. Kamar ka tambayi mahauci ko a hana yanka ne. Wannan ba shi ne karo na farko ba; Majalisar Tarayya ta bakwai da ta takwas, waɗanda suka gabaci wannan, duk sun amince da 'yancin ƙananan hukumomi, duk a jihohi abin ya maƙale. Da na san wannan tarihin tun farko, da ban sayi lemo a shagon nan ba.

Watanni suka shuɗe shiru. A watan Oktoban 2022 Sanata Omo-Agege ya fito ya shaida wa manema labarai cewa jihohi 11 ne kacal suka yi aikinsu, sauran sun kafa sharuɗɗa, ciki har da batun 'yan sandan jihohi. Ga kuma kakar zaɓe ta kama, kowa na ta kansa. A watan Janairun 2023 aka sanar cewa ƙudiri 35 sun sami amincewar da ake buƙata. Na sa yaron ya karanta mini jerin sau biyu. Namu babu.

A watan Maris na wannan shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan guda 16. Ba zan raina su ba. Yanzu jiha na iya samar da wutar lantarki ta rarraba, tana iya shimfiɗa layin dogo, tana iya kafa gidan gyaran hali. An ba majalisun jihohi da kotunansu 'yancin riƙe kuɗinsu, kun ga wannan bai sha wahalar samun 24 ba. An wajabta wa shugaban ƙasa da gwamnoni su miƙa sunayen ministoci da kwamishinoni cikin kwana 60. Akwai kuma waɗanda suka shafi ƙananan hukumomi kai tsaye: an sauya wa wasu suna. Kunci ta Jihar Kano ta koma Ghari, Afikpo ta Kudu a Ebonyi ta koma Edda. Da aka karanto wannan a gindin darbejiya, hedimasta ya yi dariya har da tari, ya ce to ai an yi mana raɗin suna, saura ragon.

Abin da ya fi ci mini rai ba faɗuwar ba ce. Na zauna na lissafa: mun san sunan kowane sanata, mun san wanda ke barci da wanda ke yawan tayar da batun ƙa'ida, mun kashe kuɗin fetur muna kallon Abuja. Amma ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu, wanda muke haɗuwa da shi a ɗaurin aure da jana'iza, wanda na san mahaifinsa, ko sau ɗaya ba mu kai masa kwafin takardar nan ba. Goma sha biyu suka rage cikin ashirin ɗin da muka buga. Suna cikin akwatina, ƙarƙashin takardun fansho.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36. Ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a ba wadda ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba. Jama'a suka yi ta kirana suna taya ni murna kamar ni na yi shari'ar. Na amsa, na gode. Amma ɗan ƙanwata ya nuna mini cewa kalmomin ƙaramin sashe na 6 suna nan daram a cikin kundin, ba a goge ko harafi ba, domin kotu fassara take yi, gogewa aikin majalisa ne. Kuma tun daga ranar ake ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar.

Da majalisa ta goma ta kafa nata kwamitin ƙarƙashin Sanata Barau Jibrin, aka sake kiran jama'a su kawo shawarwari, shugabanmu ya dube ni a gindin bishiya bai ce komai ba. Da daddare na kira yaron na tambaye shi ko takardar nan tana cikin kwamfutarsa har yanzu. Ya ce tana nan.

"A canza kwanan wata kawai, Kawu?"

Na ce ya dawo da albashin malamai sakin layi na farko, kada lokaci ya sake cika kafin a zo kansa. Sannan ya buga iri biyu, ɗaya da adireshin kwamitin dattawa, ɗaya da na ɗan majalisarmu na jiha. Ya tambaya ta wace hanya za a aika ta biyun. Na ce ba aikawa za a yi ba, ranar Asabar akwai ɗaurin auren 'yar ƙaninsa, kuma ni da hedimasta muna cikin waɗanda aka gayyata.